Gwajin Jinin da Sai da Ranarsa

'Yata ta kai aji uku a firamare ban sake yin ko ɓatan wata ba. Da farko ban ɗaga hankalina ba, don na shayar da ita har ta kusa shekara biyu, kuma kowa ya san al'adar mai goyo takan yi nawa. Amma yaye ya zo ya wuce, shekaru suka yi ta turawa, al'adar nan ba ta koma daidai ba. Wani lokaci sai ta yi wata ɗaya da rabi, wani lokaci wata biyu cur, in ta zo ma 'yar kaɗan ce. Ga bushewar gaba da ta mayar mini da kwanciyar aure abin fargaba, maganar da ban iya faɗa wa kowa ba sai Yayata. Ga kuma wani ɗan farin ruwa da nake gani a nono, alhali rabona da shayarwa an daɗe.

Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba, kuma duk don ƙauna suke yi. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta aiko da sassaƙe a ƙulle cikin leda, ta ce a jiƙa da jar kanwa. Maƙwabciyata ta ce sanyi ne ya yi mini yawa. Wata abokiyar aikina ta haɗa ni da mai kayan mata. Yaya, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta tsaya kai da fata. Ta ce, "Ƙanwata, ki daina kirdado da jikinki. Ki je ki ga likitar mata, ki faɗa mata duk abin da kika faɗa mini, har maganar ruwan nonon, kar ki rage komai don kunya."

Likitar da na gani a nan Kano babbar mace ce mai sanyin magana. Ta daɗe tana tambaya kafin ta ɗauki biro. Yaushe na ga al'ada ta ƙarshe, kwana nawa take yi, ina shan maganin tsarin iyali ko an yi mini allurarsa, ina yawan ciwon kai, ganina ya ragu ta gefe, ina shan maganin amai ko na gyambon ciki. Ta sa aka fara yi mini gwajin fitsari don a tabbata ba ciki ba ne, ta ce ba a taɓa fara binciken ɗaukewar al'ada sai an kawar da wannan. Sannan ta rubuta gajerun sunayen sinadaran jiki guda biyar a jere a kan takardar gwaji: FSH, LH, E2, PRL, TSH. Ta zagaye E2 da biro, ta rubuta 2 zuwa 3 a gefensa.

Ta ce, "Malama, wannan takardar ba yau za ki kai ta ba. Ki ajiye ta sai al'adarki ta zo. Ranar da jini ya zubo sosai, ja, wanda sai kin sa audugar mata, ita ce rana ta ɗaya. Washegari ko jibi ki je a ɗebi jininki da safe."

Ni malamar bayoloji ce a sakandaren 'yan mata, kuma duk shekara sai na zana wa 'yan aji uku hoton nan na hawa da saukar sinadaran jikin mace a allo. Na san E2 shi ne istiradiyol, mafi ƙarfi cikin manyan dangin istirojin guda uku, wato sinadarin mata. Shi ne na mace mai shekarun haihuwa, kuma ma'ajiyar ƙwai ce ke samar da mafi yawansa. Akwai E1, istiron, wanda ke rinjaye bayan mace ta daina haila, kitsen jiki ke samar da yawancinsa. Akwai E3, istiriyol, na mai juna biyu, daga mabiyiya yake fitowa. Na san istiradiyol ne ke kaurara shimfiɗar cikin mahaifa kowane wata, shi ke riƙe da ƙarfin ƙashi, shi ke kawo damshin gaba. Duk wannan na sani a allo. Zama a gaban likita ana maganar nawa jikin kuwa wani abu ne daban, har na ji bakina ya bushe.

Dalilin da ya sa ake jiran rana ta biyu ko ta uku shi ne sinadarin ba ya zama wuri ɗaya. A farkon al'ada yana ƙasa, galibi bai kai 80 ba a ma'aunin da ake rubutawa pg/mL. Yayin da ƙwai ke girma cikin 'yar jakarsa sai ya yi ta hawa, dab da fitar ƙwan yakan kai 200 zuwa 400, sai ya faɗo, ya ɗan sake tashi, ya sauka gab da wata al'adar. Ashe mace ɗaya, lafiyarta ƙalau, za a iya auna ta yau a samu 40, bayan kwana goma a samu 300. Lambar ita kaɗai kamar a ce maka kwandon tumatir kaza ne, ba a faɗa maka rani ake ciki ko damina ba. Farkon al'ada shi ne lokacin da komai ya lafa, a nan ake ganin asalin matakin da jiki ke tashi daga kai.

Wurin ƙirgen ranar nan na ɗan tsaya, kuma ina ganin 'yan'uwana mata da yawa za su tsaya. Mu da muka yi Islamiyya an koya mana cewa a mazhabar Malikiyya ko ɗigo ɗaya aka gani haila ce, haka ma fatsi-fatsi da ruwan ƙasa-ƙasa, a ajiye salla. Wannan hukuncin ibada ne, yana nan daram. Amma ƙirgen asibiti daban yake. Ɗige-ɗigen da kan riga jini zuwa ba ya cikin lissafinsu. Na tambayi likita in ya zo da dare fa. Ta ce a tsarinta, in ya zubo bayan magariba, in ɗauki washegari a matsayin rana ta ɗaya, kuma in ranar ta faɗo Lahadi, rana ta huɗu ma ba ta ɓaci ba. Don haka a wannan watan sai na riƙe lissafi biyu a kalandar ɗakina: ranar da na ajiye salla da jan biro, ranar likita da shuɗi.

Kafin in fito ta sake tambayata, ban da magungunan asibiti, me nake sha. Na lissafa mata sassaƙen Hajiya, da wani tsumi, da ƙwayoyin gyaran gashi da farce da nake saya a kantin magani. Ta nemi ganin kwalbar, na nuna mata hotonta a waya. Ta ce akwai bayotin mai yawa a ciki, wato bitamin B7, in dakata da shi kwana uku kafin a ɗebi jinin. Ba cutarwa yake yi ba, injin gwajin yake ruɗawa. Injuna da yawa da bayotin suke amfani wajen kamo sinadarin da ake nema, to in ya yi yawa a jinin mutum sai istiradiyol ya fito sama da yadda yake, FSH da TSH kuma su fito ƙasa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka tun 2017. Game da sassaƙe da tsumi kuwa ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi ba ta san abin da ke ciki ba, kuma abin da ba ta sani ba ba za ta iya lissafa shi cikin sakamako ba, don haka in jingine su har a gama. Na ji daɗin yadda ta faɗe shi, domin da ta kushe da sai in ji kamar Hajiya ta kushe.

Jiran ya yi mini tsawo. Mace mai neman haihuwa addu'arta kullum kar ta ga jini, sai ga ni ina duba kaina safe da yamma ina fatan ya zo. Takardar tana cikin jakata ta makaranta har gefenta ya fara lanƙwashewa. Likita ta riga ta ce in shiru ya yi yawa in koma, ko ta ba ni ƙwayar da za ta saukar da jinin ko a auna haka nan, tunda wadda al'adarta ta ɗauke gaba ɗaya ba ta da ranar jira. Allah ya sa ba a kai ga haka ba.

Zaɓen wurin gwajin Yaya na bar wa. Ta ce in duba ko suna da rajista da MLSCN, hukumar da ke sa ido kan ɗakunan gwaje-gwaje a Najeriya, in kuma tambaye su abu biyu ba tare da jin nauyi ba: a nan suke aunawa ko aikawa suke yi wani wuri, kuma yaya suke yi da firij in an ɗauke wuta. Wurare da yawa tara jinin suke yi sai ya kai adadi sannan su kunna inji, saboda tsadar sinadaran aikin. Ba laifi ba ne in dai an ware ruwan jinin da wuri an adana shi cikin sanyi. Kuɗin gwajin biyar ɗin a haɗe ya girgiza ni, sai da maigida ya cika mini. Na yi tunanin matan da za su karɓi irin takardar nan su ninke ta su sa ƙarƙashin katifa saboda ba hali, kuma har yau abin yana damuna.

Ranar na fita da sassafe a adaidaita sahu. Istiradiyol ba ya bukatar a zo da azumi, amma saboda furolaktin, wato PRL ɗin nan na takarda, an ce in zo da safe, kuma in na iso in zauna in huta tukuna, don gajiya da tashin hankali kan ɗaga shi. Na biya kuɗi, aka ba ni rasit, na zauna a benci kusan rabin awa. Matar da ke karɓar takardu ta tambaye ni sunana da shekaruna, sannan ta rage murya ta ce, "Anti, yau kwana nawa da fara al'ada?" Na ce uku. Ta rubuta a saman fom ɗin, da ranar da ta fara. Wannan 'yar tambayar ta kwantar mini da hankali game da wurin fiye da fentin bangonsu da na'urar sanyaya ɗakinsu. Wurin da zai ɗebi jinin mace don wannan gwaji bai tambaye ta ranarta ba, ni dai ba zan koma ba.

Mai ɗibar jinin saurayi ne, na ce in da hali mace nake so, ba musu ya kira abokiyar aikinsa. Ta sa safar hannu sabuwa a gabana, ta yage ledar allura ina gani. Ta ɗaure mini damtse da igiyar roba, ta ce in dunƙule hannu, ta dinga latsa lanƙwasar gwiwar hannuna da ɗan yatsa har ta ji jijiyar ta taso. Ta goga auduga mai sifirit, sanyinsa ya ratsa ni, ta bari ya bushe. "Bismillah, Anti, ɗan tsini ne kawai." Kafin in gama salati jinin ya fara cika wata 'yar kwalba mai rawayan murfi, baƙi-baƙi, wanda bai fi cikin ƙaramin cokali ba. Ta kwance robar kafin ta zare allurar, ta danna auduga, ta ce in riƙe da ƙarfi kar in naɗe hannun. Ta juya kwalbar a hankali sama da ƙasa, ta rubuta sunana da lamba a jikinta, ta nuna mini ta ce in karanta in tabbatar nawa ne.

Da na ce mata ni malamar kimiyya ce kuma ina son ganin abin da zai biyo baya, ta yi murmushi ta bar ni na leƙa ta tagar gilashi. Kwalbar tana tsaye a mazauninta wajen minti talatin har jinin ya daskare. Daga nan aka sa ta cikin injin da ke wulwula kwalabe, aka sa wata a ɗaya gefen don nauyi ya daidaita, ya yi ta juyi kusan minti goma. Da aka fito da ita jinin ya rabu: ja ya kwanta a ƙasa, wani farin kaurin abu ya tsaya a tsakiya ya raba, a sama kuma ruwa garai mai launin rawaya. Wannan ruwan na sama shi ake aunawa.

Abin da ake nema a cikinsa ƙanƙantarsa ta wuce misali. Fikogiram ɗaya, wato pg ɗin nan na ma'aunin, kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na giram. A 1929, lokacin da Edward Doisy a Amurka da Adolf Butenandt a Jamus, kowa a nasa ɗakin bincike, suka fara ware istiron, sai da suka tara fitsarin mata masu ciki mai ɗimbin yawa kafin su samu ɗan abin da ido zai gani. Hanyar auna irin waɗannan sinadarai a ɗan jini kaɗan ta samo asali ne daga aikin Rosalyn Yalow da Solomon Berson, wanda ya sa aka ba Yalow kyautar Nobel a 1977. Injunan yau jikokin wannan dabarar ne: ana zuba wasu ƙwayoyin kariya da aka ƙera don su cafke istiradiyol shi kaɗai, inji ya auna hasken da ke fita ya mayar da shi lamba. Suna aiki da kyau a matakin mace mai haila. In sinadarin ya yi ƙasa ƙwarai, kamar a jikin yara ko maza ko tsofaffin mata, ba su cika dacewa ba, akwai wata hanya mafi tsada da ake kira LC-MS/MS da ta fi su gani. Tun daga ranar, in na zo wannan darasi a aji, da labarin kwalbar nan nake farawa, kuma yaran sun fi saurara.

Bayan 'yan kwanaki aka kira ni na karɓo sakamako a ambulan. Ban iya haƙuri ba, a bakin ƙofa na buɗe. E2 ya nuna 17 pg/mL. A gefensa an jera ma'auni kala huɗu: na farkon wata, na tsakiya, na bayan fitar ƙwai, da na wadda ta daina haila. Idona bai sauka ko'ina ba sai kan layin ƙarshe, domin lambata ta fi kama da tasu. Ina da shekara talatin da 'yan kai. A cikin adaidaita na yi ta share hawaye da gefen hijabi, ina cewa shi ke nan, ƙwai ya ƙare. Na kira Yaya, ta ce, "Ki yi shiru ki karanto mini FSH." Na karanta mata, 4 da ɗigo. Ta ce, "To ki share hawayenki ki kai wa likitarki. Ba ni zan fassara miki ba, amma wannan ba irin takardar da kike tsoro ba ce."

Bayanin da likita ta yi mini washegari shi ne abin da ya fi komai amfani a duk tafiyar nan, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Ta juya takardar ta zana ɗan da'ira a sama, biyu a ƙasa a matsayin ma'ajiyar ƙwai. Na sama shi ne fituwitari, ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi ke aiko da FSH ya umarci ma'ajiyar ƙwai ta yi aiki. Ita kuma in ta yi aiki sai ta saki istiradiyol, wanda ke komawa sama ya sa a rage FSH. Ta ce saboda haka ba a karanta ɗaya sai da ɗaya. In istiradiyol ya yi ƙasa, FSH kuma ya yi sama sosai, ya haura 25 a gwaji biyu da aka yi da tazarar wata guda, to ana ta aiko da umarni ne ma'ajiyar ba ta amsawa, wannan shi ne ƙarewar ƙwai, ko a kan lokaci ko kafin lokaci. In kuma a rana ta uku istiradiyol ya haura 80, zai iya danne FSH ya fito kamar lafiya lau alhali akwai matsala a ɓoye, ko kuma wata jakar ruwa ce ta kwana daga watan baya. Nawa kuwa duka biyun ne a ƙasa. Ma'ajiyar ba ta gaza ba, umarnin ne ba ya isowa da ƙarfi.

Sai ta sa biro a kan layi na huɗu. Furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, ya kamata ya tsaya ƙasa da 25 ng/mL ga wadda ba ta da ciki ba ta goyo. Nawa ya kusa 70. In ya yi yawa yakan toshe umarnin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa, ƙwai ya ƙi fita, istirojin ya faɗi. Wannan ne ma dalilin da ya sa mai shayarwa takan daɗe ba ta ga al'ada ba. Jikina, a taƙaice, yana zaune ne a matsayin mai goyo shekara da shekaru ba jariri. Nan take abubuwa uku da nake ɗauka cututtuka daban-daban, jinkirin al'ada da bushewa da ruwan nono, suka zama abu ɗaya. TSH, wanda ke nuna aikin ƙullutun maƙogwaro, lafiya yake, don haka ba daga ƙullutun ba ne, wanda shi ma in ya yi rauni yakan ɗaga furolaktin. Ba na kuma shan irin magungunan da ke ɗaga shi, kamar maganin amai metokulofiramaid.

Maganar bushewar nan ina so in ɗan daɗe a kanta, don mu mata mun fi kowa sanin kuɗin da ake kashewa a kan neman ni'ima. Ban ce duk mai wannan matsala istirojin ɗinta ne ya faɗi ba, dalilai suna da yawa. Amma mace ta yi shekaru tana tsumi da matsi, tana zargin kanta, wataƙila mijinta ma yana zarginta, alhali abin da ke damunta yana rubuce a cikin cokali ɗaya na jininta, wannan abin takaici ne. Kuma ba a ɗaki kaɗai illar take tsayawa ba. Likita ta ce ƙarancin istirojin na tsawon shekaru a jikin matashiya yana cin ƙashi a hankali ba tare da ciwo ba, sai girma ya zo a ga karaya daga 'yar faɗuwa. Ko da ba na neman haihuwa, in ji ta, da sai ta yi mini magani.

An maimaita furolaktin don a tabbatar, ya sake fitowa sama. Aka yi mini hoton ƙwaƙwalwa na MRI, aka ga ɗan ƙari a fituwitari wanda bai kai milimita 10 ba, irin wanda ba daji ba ne kuma ƙwaya ke lallashinsa. Ta ɗora ni a kan kabagolin, sau biyu a mako, da dare bayan abinci. Makonnin farko na sha jiri da tashin zuciya, daga baya jiki ya saba.

Ta kuma rubuta wa maigida tasa takardar ta gwajin maniyyi, ta ce ba ta bincikar mace ita kaɗai, don samun matsala a wurina bai wanke shi ba. Na yi ta juya yadda zan faɗa masa. Da na miƙa masa bayan sallar isha'i na ce, "Malam, likita ta ce kai ma sai an duba ka," ya karanta, ya yi shiru, ya ce, "Ai tare muke nema." Ya je, nasa ya fito lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, maza da mata. A garinmu kuwa har yanzu mace ake fara kallo, kuma sau da yawa ita kaɗai ake kallo. Maza ma, ga wanda bai sani ba, suna da nasu istiradiyol, wajen 10 zuwa 40 pg/mL, kuma akan auna musu shi in nono ya fito wa namiji ko ana binciken haihuwa.

Ana cikin haka wata aminiyata da ita ma ke neman haihuwa ta turo mini hoton sakamakonta da tsakar dare, hankalinta a tashe. An auna ta rana ta uku, E2 ya nuna 180, ta kuma ji a wurina cewa bai kamata ya wuce 80 ba. Na buɗe hoton da kyau, sai na ga nata wurin da pmol/L suke rubutawa, ba pg/mL ba. Fikogiram ɗaya daidai yake da kusan 3.67 a wancan ma'aunin. Da muka raba 180 da 3.67 sai ga 49, lafiya sumul. Shi ya sa likitata ta nace in riƙa komawa wuri ɗaya duk lokacin da za a maimaita, domin ko ma'aunin ɗaya ne, inji da inji sukan ɗan saɓa, kuma iyakokin da ke gefen takarda na injin wurin ne.

Cikin 'yan watanni ruwan nonon ya ƙafe, al'ada ta dawo tana zuwa a kan kari, bushewar ta tafi ba tare da na sha komai dominta ba. Furolaktin ya sauko ƙasa da 25. Sai likita ta sake rubuta E2, amma wannan karon ba rana ta uku ba, ta ce in zo rana ta goma sha biyu, a haɗa da sikanin. A allon na'urar ta nuna mini wani baƙin da'ira a ma'ajiyar dama, ta auna shi milimita 18, ta ce jakar ƙwai ce ta kusa fashewa, shimfiɗar mahaifa kuma ta kai milimita 8. Jinin da aka ɗiba a ranar ya nuna 230 pg/mL. Hannun nan dai, jijiyar nan dai, injin nan dai da ya ba ni 17. Bayan mako guda da ɗoriya aka auna furojestaron, wanda shi ke tabbatar da cewa ƙwan ya fita, ya kuwa tabbatar.

Hajiya ta tambaye ni ko sassaƙen ne ya yi aiki. Na ce mata, "Hajiya, addu'arku ce da maganin asibiti," na kuma zauna na yi mata bayanin ruwan nonon da abin da ya haddasa shi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce akwai 'yar ƙanwarta a ƙauye mai irin wannan alama, shekara bakwai da aure, in rubuta mata sunayen gwajin a takarda. Na rubuta, na ƙara da ranar da za ta je da yadda za ta ƙirga ta, na ce kuma ta fara ganin likita kafin ta kashe kuɗinta.

Ciki bai samu ba tukuna. Ina ci gaba da shan ƙwayata, likita ta ba mu watanni mu gwada haka nan kafin a yi maganar maganin ƙarfafa fitar ƙwai. Umarninta shi ne duk watan da al'ada ta yi jinkiri in yi gwajin fitsari a gida, in ya nuna layi biyu in dakatar da kabagolin in zo ta gan ni a makon.